Majalisar da Ta Rushe Kanta: Rigimar Kujerun Dattawa a Jihohin Ostiraliya

A ƙarshen watan Oktoba na 1921, a birnin Brisbane, 'yan majalisar dattawan jihar Queensland suka kaɗa ƙuri'a a kan ƙudurin da zai rushe majalisar da suke zaune a cikinta. Mutum 28 suka ce a rushe, 10 suka ce a'a. Kujerun nan naɗi ne na har mutuwa, amma masu rinjayen suka miƙa su da hannunsu, domin da ma don haka aka kawo su. Jam'iyyar Leba ce ta shigar da su, bisa alkawarin cewa duk ranar da aka buƙata za su kashe majalisar, shi ya sa abokan hamayya suka yi musu laƙabi da 'yan ƙunar baƙin wake. Ranar 23 ga Maris 1922 dokar ta fara aiki. Tun daga ranar har yau, a cikin jihohi shida na Ostiraliya, Queensland ce kaɗai ke da majalisa ɗaya tal.

Labarin yakan faranta ran duk mai son ya ga talaka ya yi nasara, kuma da dalili. Majalisar da aka rushe ta masu hannu da shuni ce, ba wanda ya zaɓe ta, ta kuma daɗe tana tare wa gwamnatin da jama'a suka zaɓa hanya. A kan wannan ina tare da Leba ba tare da wani kwane-kwane ba. Inda na rabu da ita shi ne abin da ta yi da nasarar. Wanda ya bi tarihin sauran jihohi biyar zai ga kullum rigimar tana komawa wuri guda: ta wace ƙofa ake shiga majalisa ta biyu, kuma mabuɗin ƙofar yana hannun wa? Jihohin da suka daure suka sauya ƙofar sun sami wani abu da Queensland ta rasa, kuma 'yan Leba na Queensland su ne suka fi kowa jin raɗaɗin rashinsa daga baya.

A shekarun 1850 ne Birtaniya ta fara bai wa yankunan da ta mamaye a Ostiraliya ikon tafiyar da harkokinsu na cikin gida. Kowanne ya kwaikwayi tsarin Landan, wato majalisar wakilai wadda gwamnati ke fitowa daga cikinta, da majalisar dattawa wadda za ta riƙa taka mata birki. Sai dai a Ingila ta lokacin dattawan 'ya'yan gidajen sarauta ne na gado, a Ostiraliya kuwa babu irin waɗannan gidaje. A 1853 wani babban mai filaye, William Wentworth, ya kawo shawarar a ƙirƙiro sarautun gado a New South Wales don a cike gurbin. Mutanen Sydney suka yi masa dariya har shawarar ta mutu. Manufarta dai ba ta mutu ba. Ana son majalisar da za ta kare manyan makiyayan tumaki, da 'yan kasuwa, da masu bankuna, daga ƙuri'ar leburori da mahaƙan zinariya da suka cika ƙasar bayan 1851. Filayen da ake ta wannan kokawa a kansu kuwa ƙwace su aka yi daga 'yan asalin ƙasar, waɗanda ba a sa su a lissafin ko wane ɓangare ba. A Queensland sai 1965 aka ba su damar jefa ƙuri'a a zaɓen jiha.

Hanya biyu aka bi. A New South Wales, da Queensland wadda aka ɓalle daga jikinta a 1859, gwamna ne, wakilin sarautar Ingila, yake naɗa dattawa bisa shawarar firimiya. A Victoria da Ostiraliya ta Kudu da Tasmania, daga baya kuma Ostiraliya ta Yamma, zaɓe ake yi, amma masu dukiya kaɗai ke da ƙuri'a. A Victoria ta 1856, sai mai kadarar fam 5,000 ke iya tsayawa takara, sai mai ta fam 1,000 ke iya zaɓe. Da farko mutum zai ɗauka majalisar zaɓe ta fi ta naɗi kusa da jama'a. Abin da ya faru akasin haka ne. Majalisar naɗi ba ta da iyakar adadi, saboda haka firimiyan da ya shawo kan gwamna zai iya tura mutanensa har su rinjayi tsofaffin ciki. Ta zaɓen masu dukiya kuwa ba a iya ƙara mata mutum, ba a iya sallamarta cikin sauƙi, ga shi tana da bakin cewa ita ma zaɓenta aka yi. Ita ce ta fi taurin kai, ita ce kuma ta fi daɗewa.

Victoria ta sha wannan. A ƙarshen 1877 dattawa suka ƙi amincewa da kasafin kuɗin Firimiya Graham Berry saboda ya saka albashin 'yan majalisa a ciki. Su ba su son a biya ɗan majalisa, don sun san in babu albashi, mai aikin hannu ba zai iya barin sana'arsa ya zauna a majalisa ba. Berry ya mayar da martani ranar 9 ga Janairu 1878, ya sallami ɗaruruwan ma'aikatan gwamnati har da alƙalai, ranar da ake kira Baƙar Laraba. Bayan shekara saba'in abin bai sauya ba. A 1947 dattawan suka hana gwamnatin Leba ta John Cain kuɗin aiki, ba don wani laifi nata ba, sai don suna jin haushin shirin gwamnatin tarayya na mayar da bankuna mallakar hukuma. Suka tilasta zaɓe, Cain ya faɗi, su kuwa ba wanda ya tashi daga kujerarsa ya fuskanci masu zaɓe. Ni a wurina wannan shi ne mafi munin ikon da majalisa ta biyu za ta iya riƙewa: ta tura wasu gaban jama'a, ita tana zaune a inuwa.

To, da irin wannan majalisa Leba ta tashi ta tarar, shi ya sa rushe majalisun dattawa ya shiga kundin manufofinta tun da wuri. A Queensland ta ci zaɓe a 1915 ƙarƙashin T. J. Ryan, lauya, da kujeru 45 cikin 72. Dattawa suka dinga watsi da ƙudurorinta ko yi musu gyaran da ya zare musu laka. Ryan ya kai ƙudurin rushe su sau biyu, sau biyu suka ƙi. Akwai wata doka ta 1908 da ta ce ƙudurin da dattawa suka ƙi sau biyu ana iya kai shi gaban jama'a, sai ya yi haka. Ranar 5 ga Mayu 1917 aka yi ƙuri'ar raba gardama. Kimanin mutum 116,000 suka ce a rushe, kimanin 179,000 suka ce a bari.

A nan ya kamata a tsaya. Watanni goma bayan wannan ƙuri'a, a Maris 1918, mutanen nan dai suka sake zaɓen Ryan da rinjayen da ya fi na da. Wato jama'a sun faɗi abu biyu a jere, kuma ba su saɓa wa juna ba: muna son ku yi mulki, amma ba ma son ku yi shi ku kaɗai. Leba ta ji na farko, ta toshe kunne ga na biyu. Masu kare ta sukan ce an haɗa ƙuri'ar da zaɓen tarayya a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da zukata ke tafasa a kan batun tilasta shiga soja, don haka sakamakon bai nuna ainihin ra'ayin mutane ba. In haka ne, hanya a buɗe take, a sake tambayarsu bayan yaƙi. Ba a sake ba.

Abin da aka yi shi ne bin ƙofar naɗi. Gwamna Hamilton Goold-Adams ya yarda ya naɗa 'yan Leba 13 a 1917, amma ya ƙi ba su adadin da zai kai su rinjaye. Da Ryan ya koma siyasar tarayya a 1919, Ted Theodore, tsohon mahaƙin ma'adinai kuma jagoran ƙwadago, ya gaje shi. Da wa'adin gwamnan ya ƙare a farkon 1920, kafin Landan ta turo wani, Theodore ya sa aka ba William Lennon, ɗan Leba kuma shugaban majalisar wakilai, muƙamin mataimakin gwamna. Lennon na riƙe da kujerar gwamna a watan Fabrairu ya naɗa 'yan Leba 14 a tashi ɗaya. A watan Agusta shi kansa ya zama shugaban majalisar dattawan, alhali har lokacin shi ne mai riƙon kujerar gwamna. Da sabon rinjayen aka zartar da dokar ƙara kuɗin hayar filayen kiwo, wadda kamfanonin Birtaniya suka kira cin amana. Tsohon firimiya Robert Philp ya jagoranci tawaga zuwa Landan don ta yi wa gwamnatin jiharsa zagon ƙasa, masu ba da rance na birnin suka juya wa Theodore baya, sai da ya je New York ya ciyo bashi. Wanda ya ga yadda masu dukiya suka haɗa kai da 'yan waje a kan zaɓaɓɓiyar gwamnati zai fahimci fushin Leba. Sabon gwamna, Matthew Nathan, wanda ya taɓa mulkin Gwalkwas, Gana ta yau, ya aika da ƙudurin rushewar Landan. Ministan ƙasashen mulkin mallaka na lokacin, Winston Churchill, ya ce wannan magana ce ta mutanen Queensland, aka sa hannu.

Amma mutanen Queensland ai sun riga sun yi magana a 1917. Sai ga shi a 1934 wata gwamnatin Leba, ta William Forgan Smith, ta kafa dokar da ta ce ba za a dawo da majalisar dattawa ba sai da ƙuri'ar raba gardama. An rushe ba da izinin jama'a ba, an ce ba a ginawa sai da izininsu.

A New South Wales an gwada wannan dabara, ta ƙi ci. Jack Lang na Leba ya zama firimiya a 1925, a watan Disamba ya sa Gwamna Dudley de Chair ya naɗa masa 'yan Leba 25, kowannensu ya san abin da aka kawo shi yi. A Fabrairu 1926 aka kaɗa ƙuri'a, ƙudurin ya faɗi da 47 da 41, domin wasu 'yan Leba sun tsallaka ɗaya ɓangaren, wasu kuma sun ƙi zuwa zaman. Kujerar ba ta da albashi a lokacin, amma tana da girma, da laƙabi, da takardar shiga jirgin ƙasa kyauta, kuma ba mai iya tuɓe ka. Wannan ne aibin naɗin har mutuwa ga jam'iyyar da ta yi shi: daga ranar da ka rantsar da mutum, ba ka da sauran abin da za ka tsorata shi da shi. Masu ra'ayin riƙau da suka karɓi mulki suka ɗauki darasi, a 1929 gwamnatin Thomas Bavin ta saka sashe a tsarin mulki cewa ba a rushe majalisar sai da ƙuri'ar raba gardama, kuma shi kansa sashen ba a cire shi sai da ita. Da Lang ya dawo a 1930 ya kawo ƙudurin cire sashen da na rushewar. Dattawa suka bar su suka wuce ba gardama, sannan wasunsu, ƙarƙashin Arthur Trethowan, suka garzaya kotu. Babbar kotun Ostiraliya a 1931, da kotun ɗaukaka ƙara ta daular a Landan a 1932, duk suka ce sashen yana nan daram. A cikin waɗanda Lang ya sa aka naɗa a 1931 ne aka sami mata na farko a majalisar, Catherine Green da Ellen Webster. Ranar 13 ga Mayu 1932 Gwamna Philip Game ya kori Lang daga mulki a kan wata rigimar kuɗi da gwamnatin tarayya.

Waɗanda suka gaje shi suka rufe ƙofar naɗi gaba ɗaya. Daga 1934 dattawa suka zama 60, wa'adinsu shekara 12, kuma 'yan majalisun biyu ne ke haɗuwa su zaɓi 15 duk bayan shekara uku. An ƙera tsarin ne don a jinkirta ranar da Leba za ta sami rinjaye, ya kuma jinkirta, amma abin da ya haifar shi ne majalisar 'yan lelen jam'iyyu. Kujera ta zama ladan sakataren ƙungiyar ƙwadago da ya yi biyayya, ko attajirin da ya taimaki jam'iyya, ana raba ta a ɗakin taron shugabanni ba tare da mai zaɓe ya san sunan kowa ba. Ko da Leba ta sami rinjayen, ta sake yunƙurin rushewa a ƙarshen shekarun 1950, wasu dattawanta suka sake bijirewa, aka kore su daga jam'iyya. A 1961 aka kai maganar gaban jama'a, kusan kashi 58 cikin 100 suka ce a bar majalisar. Sau biyu ke nan ana tambayar masu zaɓen wata jiha ko a rushe, sau biyu suna cewa a'a. Da Firimiya Neville Wran ya sauya tambayar a 1978, ya ce ko kuna so ku riƙa zaɓen dattawan da kanku, sama da kashi 80 cikin 100 suka ce e.

Yanzu a koma Queensland a ga abin da ya biyo baya. Leba ta yi mulki daga 1915 zuwa 1957, in ban da shekara uku. A 1949 gwamnatin Ned Hanlon ta raba jihar shiyya-shiyya yadda ƙuri'ar mutumin karkara mai nisa ta fi ta ɗan birni nauyi, domin a lokacin masu askin tumaki da mahaƙan ma'adinai nata ne. Babu majalisa ta biyu da za ta ce a dakata. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A 1957 Leba ta dare gida biyu, mulki ya koma hannun jam'iyyar manoma da ƙawarta ta Libaral, suka gaji tsarin shiyyoyin, suka gyara shi ya dace da su, suka zauna shekara 32. Su da suka yi ta kukan an rushe majalisar dattawa, ba su yi wani yunƙurin kirki na dawo da ita ba, don wanda ke kan mulki ba ya nema wa kansa mai sa ido. Joh Bjelke-Petersen na jam'iyyar manoma ya yi firimiya daga 1968 zuwa 1987. A zaɓen 1972 jam'iyyarsa ta sami kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙuri'u, ya ci gaba da zama firimiya. A 1971 ya kafa dokar ta-ɓaci don a kare 'yan wasan ragbi na Afirka ta Kudu daga masu zanga-zangar ƙin wariyar launin fata. A 1977 ya hana jerin gwano a tituna. Sai da 'yan jarida suka tona asirin cin hanci aka kafa kwamitin bincike na Tony Fitzgerald a 1987, wanda ya kai ga ɗaure shugaban 'yan sandan jihar, Terry Lewis, da tsofaffin ministoci huɗu.

Ba zan ce da akwai majalisar dattawa da ba a yi wannan ɓarna ba. Da irin ta 1915 ce, da tafa wa Bjelke-Petersen za ta yi. Ostiraliya ta Yamma tana da tata majalisar dattawan a shekarun 1980, hakan bai hana gwamnatin Brian Burke tsunduma dukiyar jama'a cikin harkokin 'yan kasuwar da ta yi ƙawance da su ba, shi ma daga baya ya shiga kurkuku. Fitzgerald kansa bai ba da shawarar a dawo da dattawa ba, ƙarfafa kwamitoci da gyaran dokar zaɓe ya nema. Duk na yarda da wannan. Amma kwamitin majalisa ɗaya ɗan masu rinjaye ne, su suka kafa shi, su za su iya rage masa ƙarfi. A 2012 jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Campbell Newman ta sami ƙasa kaɗan da rabin ƙuri'un jihar, ta kwashe kujeru 78 cikin 89, Leba ta tsira da 7. Mutum bakwai ba sa iya bin diddigin ma'aikatun gwamnati guda, kuma babu wani zaure da sauran rabin masu zaɓe za su kai kuka.

Mu ma mun san wannan tsari, don daga hannun Turawa guda ya fito. Tsarin mulkin Richards na 1946 ya kafa wa Arewa Majalisar Sarakuna a Kaduna gefe da gefe da Majalisar Dokoki, ta kuma zauna har juyin mulkin Janairu 1966. Ƙorafin da 'yan jam'iyyar NEPU suka yi na cewa bai kamata wanda ba a zaɓa ba ya riƙe ragamar talaka, shi ne dai ƙorafin Ryan da Theodore. Daga 1979 kowace jiha a Najeriya majalisa ɗaya gare ta, kuma ba sai na gaya wa mai karatu sau nawa irin wannan majalisa ke iya ce wa gwamna a'a ba. Ba ina kiran a ƙirƙiro wa jihohi 36 sababbin kujerun cin albashi ba ne. Amma duk lokacin da na ji ana cewa a soke majalisar dattawan tarayya don rage kashe kuɗi, nakan so mai maganar ya fara faɗin wa zai rage da ikon kiran gwamnati ta yi bayani.

Ostiraliya ta Kudu ce ta nuna yadda gyara ke da wuya. Ita ce ta bai wa mata ƙuri'a tun 1894, amma ta riƙe sharaɗin dukiya a zaɓen dattawa har 1973. Dattawan 20 ne, an yanka mazaɓunsu yadda shekara da shekaru masu ra'ayin riƙau ke da 16, Leba 4, kowa ya ci zaɓen majalisar wakilai. Ko da Leba ta kayar da Firimiya Thomas Playford a 1965 bayan ya yi sama da shekara 26 a kan mulki, lissafin dattawa bai motsa ba. Abin da ya karya shi ba Don Dunstan na Leba kaɗai ba ne. A cikin gidan masu riƙau ɗin aka sami ɓaraka, tsakanin Steele Hall wanda ya ga ba za a iya ci gaba da kare wannan rashin adalci ba, da Ren DeGaris, jagoransu a majalisar dattawa, wanda ya tsaya kai da fata. Hall ya ajiye shugabancin jam'iyya a 1972, ya kafa nasa ɓangaren. Ina girmama Hall a kan haka fiye da yawancin sunayen da na ambata, domin shi ne ya nemi a gyara tsarin da jam'iyyarsa ke cin gajiyarsa. Daga 1975 aka fara zaɓen dattawa da ƙuri'ar kowa, jihar duka mazaɓa ɗaya, ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya.

Wannan rabo na gwargwado shi ne ya bai wa majalisun aikin yi na gaskiya. In ban da Tasmania, majalisar wakilai ana zaɓenta mazaɓa-mazaɓa, wanda ya ci ya kwashe, don haka tana ba gwamnati rinjayen da za ta yi aiki. Ta dattawa ana zaɓenta ta wata hanya dabam, don haka tana nuna yadda ra'ayin jama'a ya rarrabu. A New South Wales yanzu dattawa 42 ne, ana zaɓen 21 duk shekara huɗu, kuma kimanin kashi huɗu da rabi cikin 100 na ƙuri'u ya isa a sami kujera. Tun 1988 babu gwamnatin da ta sami rinjaye a can. Amfanin haka ya fito fili a 1996, lokacin da dattawa suka umarci gwamnatin Bob Carr ta kawo takardun da suka shafi wani shirin haƙar zinariya a tafkin Cowal. Ministan kuɗi Michael Egan, wanda shi ne jagoran gwamnati a zauren, ya ƙi. Suka dakatar da shi, jami'in majalisa ya fitar da shi har bakin titi. Ya kai ƙara, a 1998 babbar kotu ta ce majalisar tana da ikon neman takardun gwamnati da hukunta ministan da ya ƙi. Tun daga nan ta zama hanyar da ake fito da takardun kwangila da na kashe kuɗi waɗanda gwamnati ta so ta ɓoye. Majalisar da Lang ya yi ta ƙoƙarin kashewa ke nan, kuma 'yan Leba sun yi amfani da wannan iko sosai a shekarun da suke hamayya.

Sabuwar ƙofar ma ta zo da nata maguɗin. An ƙyale mai zaɓe ya dangwala wa jam'iyya ɗaya, ita kuma ta yanke inda ƙuri'arsa za ta koma in 'yan takararta sun faɗi. 'Yan dabara suka gane, suka riƙa kafa ƙananan jam'iyyu barkatai suna tura wa juna ƙuri'u. A zaɓen 1999 a New South Wales 'yan takara 264 suka tsaya, takardar ƙuri'a ta kai girman mayafin tebur, wani ya shiga majalisa da kashi 0.2 cikin 100 na ƙuri'un farko. Jihar ta toshe wannan kafa kafin zaɓen 2003. Ostiraliya ta Yamma ta yi jinkiri, har a 2021 Wilson Tucker, wanda a lokacin yana zaune a Amurka, ya sami kujera da ƙuri'un farko 98.

A wannan zaɓen na 2021 ne Leba ta Mark McGowan ta ci kujeru 53 cikin 59 a majalisar wakilai, ta kuma sami 22 cikin 36 a ta dattawa, karo na farko a tarihin jihar da ta mallaki zauren da ya daɗe yana hannun abokan hamayyarta. Tana da damar da ta fi ta Theodore, ba tare da ta roƙi wani gwamna ba. Ta soke tura ƙuri'u a bayan mai zaɓe, ta soke shiyyoyin da suka sa ƙuri'ar wasu yankunan karkara ta ninka ta ɗan birnin Perth sau da yawa, ta mayar da jihar mazaɓa ɗaya mai kujeru 37. Mutanen karkara suna da hujjar jin haushi, don McGowan ya ce kafin zaɓe gyaran ba ya cikin shirinsa, kuma a jiha mai faɗi haka muryar na nesa tana iya ɓacewa. Duk da haka jam'iyyar ta rubuta dokar da ta san da wuya ta sake ba ta rinjaye, ko ta ba wani. A zaɓen 2025 Leba ta sake lashe majalisar wakilai da kujeru 46 cikin 59, a ta dattawa kuwa ta sami 16 cikin 37. Duk ƙudurin da gwamnatin Leba ta Roger Cook za ta zartar yanzu, sai ta nemi goyon bayan jam'iyyar masu kare muhalli, ko na 'yan hamayya, ko ta tattaro ƙananan jam'iyyu ɗaya bayan ɗaya.